Laifin da muke ɗora wa salga

Ina rubuta wannan daga Fachi, garin kakata ta wajen uwa, wanda mutanensa ke kira Agram. Wanda bai taɓa zuwa ba, ya ɗauka ya bar Agadas ya fuskanci gabas, ya keta Tenere, yashi gaba yashi baya, sai kwatsam ga dabino, ga ramukan gishiri, ga tsohon gari da aka gina da ƙasa mai gishiri. Nan ayarin raƙuma ke yada zango a hanyar Bilma, su sauke hatsi su ɗauki kantu da dabino. Jiya da marece rezo ya ɗan leƙo, saƙonni suka shigo tururu, a ciki har da wani bidiyo da ƙawayena uku suka turo mini, kowace da nata gargaɗi. Wata baturiya ce ke nuna yadda ake shimfiɗa takarda a kan kujerar masai kafin a zauna, wai don kar a kwashi cuta. Na nuna wa kakata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ke ƴar nan, zama suke yi a kai?" Na ce e, Kaka. Ta miƙo mini wayar ta ce Allah ya kyauta.

Na yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba, don bidiyon ya tuna mini da ƙanwata, ɗiyar gwaggona. Bara cikin zafi muka taso tare daga Damagaram zuwa Agadas a kar. Duk wanda ya san hanyar nan ta Tanut da Adarbisanat ya san wuni ce cur. Tun daren tafiya yarinyar nan ta daina shan ruwa. Na miƙa mata gora ta ƙi, na saya mata mai sanyi ta ce ta ƙoshi. Da muka tsaya a wata tasha na biya dala goma na shiga salga, na fito na ce ta je, ta girgiza kai, wai ita ba ta shiga irin wuraren nan, nan ake kwaso sanyi. Haka ta matse har muka isa. Kwana biyu a tsakani sai zazzaɓi, sai ciwon kwiɓi, fitsari kamar ana zuba mata barkono. Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka kama mafitsara suka fara haurawa ƙoda, kuma tambayarsa ta farko ita ce nawa take shan ruwa, kuma tana riƙe fitsari? Amma da muka koma gida, matan da suka zo sannu bakinsu ɗaya: ai a salgar tasha ta kwaso. Salgar da ko ƙofarta ba ta taɓa ba!

Tun ranar abin nan yake ci mini rai. Mun ɗauki tsoro mun ajiye shi inda babu haɗari, mun bar inda haɗarin yake a buɗe, kuma mata ne ke biyan kuɗin wannan kuskure da jikinsu.

Mu fara da kujerar kanta. Mu nawa ne ma muke zama a kan kujerar masai a wajen gida? In ka cire otal-otal, da filin jirgi, da wasu ofisoshi a Yamai, salgar kasuwa da ta tasha da ta lakwal da ta masallaci duk ta tsuguno ce, tafin takalminka kaɗai ke taɓa ƙasa. Tsoron kujera tsoron aro ne, cikin waya muka tsince shi. Sai dai muna da namu na gida wanda ya girme shi: wai tururin da ke tasowa daga ramin salga yana shiga jikin mace ya sa mata sanyi. A Najeriya har suna aka raɗa masa, cutar ban ɗaki, kuma sunan ya tsallako iyaka ya zauna a bakin ƴan matanmu na Maraɗi da Damagaram. Duk ƙaiƙayi, duk farin ruwa, duk zafin fitsari, sai a ce infekshon ne na salga. Ku je ku tambayi duk likitan mata da kuka yarda da shi: a littattafan da ya karanta babu wata cuta mai wannan suna.

Fata ba soso ba ce. Fatar cinya da ta mazaunai katanga ce, in babu rauni ko buɗaɗɗen ƙurji ƙwayar cuta ba ta ratsa ta. Ƙwayoyin da ke kawo ciwon sanyi na ainihi, da tunjere, da sida, ba su iya zaman waje. Ɗumi da laimar jikin mutum suke buƙata, da sun fito sun sha iska sai su mutu. Hanyarsu sananniya ce: saduwa, jini, ko daga uwa zuwa jariri. Siminti da roba ba sa cikin lissafi, tururi kuwa wari ne kawai da zafin rami.

To ƙaiƙayin fa, daga ina? Sau da yawa daga jikin ne kansa. Akwai wata ƙwaya da likitoci ke kira kandida, dangin yis ɗin da ke kumbura burodi, tana zaune a jikin mata da yawa lafiya lau ba ta damun kowa. Tana yin yawa ne idan mace na da ciki, ko tana da ciwon suga, ko ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ya kashe har da masu amfani da ke tsare wurin. Akwai kuma rikicewar da ke biyo bayan wanke ciki da sabuni mai ƙamshi da cushe-cushen matsi. Zafin fitsari irin na ƙanwata kuwa, galibi ƙwayar daga hanjin mai ita take fitowa, don hanyar fitsarin mace gajera ce, ba ta wuce santimita huɗu ba, kuma tana kusa da dubura. Abin da ke wanke hanyar shi ne shan ruwa da yin fitsari a kan lokaci. Wato dai daidai abin nan biyu da tsoron salga ke hana mu. Yarinya ta wuni a lakwal ba ta sha ba ba ta zagaya ba, mai tallar abinci ta wuni a kasuwa tana matsewa, matafiyiya ta yi azumin dole a watan Afrilu, duk don gudun cutar da suke gayyatowa da hannunsu.

Yanzu bari in taɓo inda wasu za su ji haushina. Wannan tatsuniya ba ta daɗe haka kawai ba, tana da masu cin moriyarta. Na farko wasu mazaje. Mutum ya je yawonsa ya kwaso ciwon sanyi ya kawo gida, matar ta fara ganin alamu, sai ya riga ta magana: ai na sha gaya miki ki daina shiga ban ɗakin mutane. Shi ke nan, salga ta ɗauki laifi, ita ba ta da baki balle ta musa. A yi wa matar magani shi ba a yi masa ba, bayan sati biyu ciwo ya dawo, a ce ai sanyi ba ya jin magani. Kuma irin wannan ciwon in ya daɗe ba a magance shi ba yana iya toshe hanyar ƙwan mace. Shekara uku babu haihuwa, dangin miji su fara gunaguni, a fara maganar ƙarin aure, kuma ita ma mai zuwa abin da ke jiran ta ke nan. Ban ce duk matar da ta ga ƙaiƙayi ta je ta shaƙe mijinta ba, na riga na faɗa cewa mafi yawa ba daga kowa yake ba. Abin da nake cewa, awo ne ke raba gardama, kuma in likita ya ce a zo da maigida, to maigida ya zo. Ƴan uwana maza da ke karanta wannan, in kun tabbata ba ku da komai, me ke cikin awo na tsoro?

Na biyu masu sayar da magani. Buɗe Facebook ko TikTok ka ga yadda kasuwar maganin sanyi ke ci: na sha, na tsarki, na matsi, na hayaƙi, kowace hajiya da haɗinta, kuma duk tallar da jumla ɗaya take farawa, wai kowace mace tana da infekshon ko ta sani ko ba ta sani ba. Ga masu yawo da kafso a tire cikin rana, jika ɗaya a haɗa miki kala uku. Ki sha kafso ba bisa ƙa'ida ba, ya kashe ƙwayoyin da ke kare ki, kandida ta samu fili, ƙaiƙayi ya ƙaru, ki koma ki sake saya. Wallahi ko mai gishirin Balma bai samu kasuwa mai tabbas irin wannan ba.

Kar wani ya ce ina wanke salgar tasha. Na shige ta, na san yadda take: ƙofa babu sakata, ƙasa jiƙe, ƙudaje, wari mai sa hawaye, da daddare babu fitila. Ƙyamar da mutum ke ji gaskiya ce, kuma akwai cuta a wurin. Amma ta baki take shiga. Kwalara, taifot, zawo mai jini, shan inna, ciwon hanta nau'in A da E, yawancin tsutsar ciki, duk hanyarsu ɗaya: daga bahayar wani zuwa bakin wani, ta hannu, ta ruwa, ta ƙuda, ta abinci. Wadda ke ratsa fata ita ce tsutsar nan mai shiga ta tafin ƙafa a ƙasar da aka yi bahaya, maganinta kuwa takalmi.

Saboda haka in kana neman abin tsoro a salgar jama'a, dubi buta. Mutum nawa suka riƙe mariƙinta yau kafin kai? Dubi sakatar ƙofa, in akwai. Dubi canjin da mai tsaron wurin ya miƙo maka. Sannan dubi kanka: ka yi tsarki da ruwa, ka ɗauraye hannu sama-sama, ka yarfe, ka fito ka yi musabaha da mutum uku, ka sayi tsire ko ƙosai ka ci da hannun nan, ka ɓare wa yaro lemo. Ita kuma wayar da ka shiga da ita kana latsawa, da ita za ka kwana a gefen fuska. Akwai wani masanin ƙwayoyin cuta a jami'ar Arizona ta Amurka, Charles Gerba, da ya shafe shekaru yana auna kayan gida da na ofis, kuma abin da ya yi suna a kai shi ne nuna cewa wayar hannu da katakon yanka nama sukan fi kujerar masai tara ƙwayoyi. Wanke hannu da sabuni, a cuɗa na kamar daƙiƙa ashirin, yana rage zawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. In babu sabuni, toka ta fi ruwa zalla. Mu da muka tashi da Ahalari da Ishmawi mun san matsayin tsarki, kuma malamai sun sha gaya mana hanin da aka yi a kan yin bahaya a hanya da inuwa da mashaya. Sabuni bayan tsarki bai saɓa wa komai a cikin wannan ba. To a salgar masallacin unguwarku akwai shi?

Ga inda tsoron ya fi yin ɓarna. Wanda ya gudu daga salga ba fasa bukatarsa yake yi ba, wuri yake sakewa: bayan katangar tasha, kango, kwata, gindin bishiya, ko leda a ƙulle a jefa. Alƙaluman UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mutum biyu cikin uku a Nijar a fili suke bahaya, muna cikin na gaba-gaba a duniya. Yawancinsu don babu salgar ne sam, wannan ba laifinsu ba ne. Amma mu ƴan birni da muka yi karatu, idan muka ci gaba da yaɗa cewa salga ce gidan cuta, me muke gaya wa mutumin ƙauye da ake lallashi ya haƙa ta? Damina ta zo, ruwa ya kwashe abin da aka bari a fili ya kai tabki da rijiya. A 2018 kwalara ta ɓarke a Madarunfa ta bazu cikin jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo, ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150, a Najeriya kuwa a shekarar waɗanda suka mutu sun haura 3,000. A 2017 ciwon hanta nau'in E ya shiga Difa, a wuraren da ƴan gudun hijira suka taru, kuma mata masu ciki ya fi kashewa. A cikin waɗannan mamata babu ko ɗaya da kujerar masai ta kashe.

Maganar tururi ma ba mu muka fara ta ba. Turawan Ingila sun daɗe suna imani cewa mugun wari ne ke kawo kwalara. A 1854 cutar ta faɗa wa wata unguwa a Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana lissafa mamata, ya ga galibinsu famfo ɗaya suke sha, na titin Broad. Ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Daga baya aka gano an haƙa rijiyar dab da wani ramin ƙazanta, inda ake zubar da ruwan wankin tsummokin wani jariri mara lafiya. Mutane na toshe hanci suna gudun wari, alhali cutar na cikin kofin da suke sha.

Wannan labari ne ya faɗo mini yau da safe, shi ya sa na tashi na yi abin da ya sa yaran unguwa suka bi ni suna dariya. A Fachi ruwa ba shi da nisa a ƙasa, shi ya sa dabino ke kai saiwarsa gare shi da kansa, shi ya sa ma akwai gari a tsakiyar wannan yashi. Wannan ni'ima ce, amma tana da sharaɗi. Ƙa'idar da ma'aikatan agaji ke bi a duniya ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin salga da rijiya, kuma gindin ramin ya tsaya mita ɗaya da rabi sama da ruwan ƙasa. Na auna da ƙafata daga wata salga zuwa rijiyar da ke kusa da ita: taku goma sha huɗu. Na tambayi kakata ko ta taɓa ganin wani ya zo ya ɗebi ruwan rijiyar nan don a auna. Ta ce, "Masu zuwa dai suna zuwa, su ɗauki hoton raƙuma." A garin da gidan likita babba yake bayan ɗaruruwan kilomita na yashi, zawo mai tsanani ga yaro ɗan shekara biyu ba ƙaramin abu ba ne. Wannan taku goma sha huɗu ya fi duk kujerun masai na Yamai ba ni tsoro, kuma ban taɓa ganin wanda ya turo bidiyo a kansa ba.

Na san abin da za a ce: talauci ne, ƙasa ba ta da kuɗi. To dala goman da na biya a tasha fa, ina take zuwa? Mutum ɗari nawa ke shiga a wuni? A cikin kuɗin nan ba za a iya fitar da sabuni sanda ɗaya da jarkar ruwa da sakata ba? Kamfanin da ke iya sayen kar sabuwa mai sanyaya ɗaki ba zai gagara gina salga huɗu ta mata mai fitila ba. Mai karɓar harajin kasuwa kullum yana zuwa da tikitinsa, bai taɓa makara ba, amma mai zuwa duba salga sai an yi baƙi. Tun 1993 Nijar ke da dokar tsabtar jama'a a rubuce. Dattawan Kano har yau suna ba da labarin duba-gari, wanda in ya shigo unguwa har randa sai ya leƙa. Mu kuwa abin da ya rage mana bukukuwa ne: 15 ga Oktoba ranar wanke hannu, 19 ga Nuwamba ranar salga ta duniya, a buga riguna, manya su wanke hannu gaban kamara, a raba perdiyam, a naɗe buta da sabunin a mayar ofis. Jihar Jigawa da muke iyaka ɗaya da ita, yare ɗaya, rana ɗaya, talauci iri ɗaya, a 2022 aka ayyana ta jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Ko da a ce shelar ta ɗan fi gaskiyar ƙasa kyau, ta nuna cewa in masu mulki sun sa abu a gaba yana motsawa.

Mu kanmu masu kiran kanmu ƴan gwagwarmaya muna da namu kason. Muna iya kwana muna muhawara a kan uraniyom da sefa da manyan ƙasashe, amma a ce a yi zama a kan salgar kasuwa sai kowa ya ga abin ya yi masa ƙanƙanta, ko kunya ta kama shi. Ni kaina sai da na yi jinkiri kafin in sa sunana a kan rubutu mai kalmar bahaya a ciki, na ce me surukan gobe za su ce. Amma yarinyar da ke barin lakwal duk wata na kwana huɗu don babu inda za ta rufe ƙofa ta gyara jikinta, ita ma maganar ƴanci take jira a yi mata.

Ga abin da nake roƙon duk mai bin wannan shafi, kuma ba ya bukatar ko dala. Cikin satin nan ka shiga salgar tasha ko kasuwa ko lakwal mafi kusa da kai. Ka duba ko akwai ruwa, ko akwai sabuni, ko ƙofar na rufuwa daga ciki, ko ɓangaren mata daban yake, ko akwai haske da dare, kuma nawa ake biya. Ka rubuta ka turo mana da sunan gari da unguwa, ban da hoton mutane don Allah. In muka tara na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa da Agadas, za mu kai wa duk wanda ke riƙe da mairi a kowane gari, da takarda a hannu, mu nemi a sa sabuni da ruwa cikin sharuɗɗan ba da izinin buɗe tasha da hayar salgar kasuwa. Na Fachi ni zan kawo, har da yawan takun.

Jibi in Allah ya yarda mota za ta tashi zuwa Agadas. Kakata ta riga ta ɗaure mini dabino a ƙullin zane, ni kuma na cika gora biyu, na yanki sabuni na sa a ƴar leda cikin jaka. Na kira ƙanwata na ce ta shirya, tare za mu koma Damagaram, kuma a wannan karon duk inda kar ta tsaya sai ta sha ruwa a gabana, sannan in riƙe mata ƙofa.